Harbin wanda ba a gani: hukuncin baduhu a teburin Dungeons & Dragons

Faɗa ya kai tsakiya, sai abokin gaba ya karanta laƙaninsa ya ɓace wa idon kowa. Juyi ya zo kan masihircin ƙungiya, ga laƙanoni jere a takardarsa. Wanne ne zai sami wanda ya ɓace, wanne ne zai tashi a banza? A 'yan da'irorin da ke buga Dungeons & Dragons a Birnin Kebbi, akasari ɗalibai da waɗanda suka gama karatu suna jiran aiki, da wuya a sami abin da ke tsayar da wasa kamar wannan tambayar. Kowa sai ya zaro waya yana karanto ƙa'ida, shayi ya huce, dodon kuma yana nan tsaye ba wanda ya taɓa shi.

Ga wanda bai taɓa zama teburin ba, wasa ne na labari da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, mutum guda kuma shi ne alƙalin wasa: shi ke ba da labari, shi ke motsa abokan gaba, shi ke yanke hukunci. Duk abin da ba a da tabbacin nasararsa, dayis mai fuska 20 ke raba gardama. Ana zana filin daga a kan kwali gida-gida, kowane gida ƙafa 5, kowane zagaye na faɗa kuma daƙiƙa 6 ne a cikin labarin. Sihirin da ake magana a kai lissafi ne a takarda, ba a kiran kowa, ba a yanka wa kowa, ba a kuma ɗora ko sisi. Na faɗi wannan ne saboda iyayen da kan leƙo zaure su tarar da samari sun kewaye kwali da marafan kwalba. Sunayen laƙanonin da za a gani a nan kuwa waɗanda muka laƙa musu ne a teburinmu, wanda ya san wasan zai gane su da aikinsu.

Mu ba baƙi ba ne ga zancen ɓacewa. Mun taso muna jin labarin baduhu da layar zana, kuma a waɗannan labaran wanda ya ɓace ya ɓace ke nan, ba a ganinsa, ba a san inda ya nufa ba. Da wannan fahimtar muke zuwa teburi, daga nan kuma rigimar take farawa, domin baduhun bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, bai kai nan ba. Ƙa'idar ta raba abu biyu da mu muka saba haɗawa: a kasa ganin mutum daban, a rasa inda yake daban. A ganina, mafi yawan gardamar da ake yi ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun, kuma alƙalin da ya raba su ya gama rabin aikinsa.

Abin da ƙa'idar 2014 ta ba mai baduhu ƙididdigagge ne. Ido ba ya ganinsa sai da taimakon sihiri ko wata baiwa ta musamman. Wanda ya kai masa hari yana da tawaya a jifar dayis, wato damarsa ta ragu, shi kuma in ya kai hari yana da gata, wato tasa ta ƙaru. Sannan ta ƙara da cewa ana iya gane inda yake ta ƙarar da ya yi ko sawun da ya bari. Wanda ake kira ɓoyayye a wasan shi ne wanda ba a gani kuma ba a ji, kuma ba a samun wannan matsayin kyauta. Sai mutum ya kashe aikinsa na wannan zagayen wajen ɓuya, ya jefa dayis, abin da ya samu ya wuce lambar lura ta abokan gaba, wadda ita ce 10 a haɗa da ƙwarewarsu. Alfarmar da baduhu ya yi masa ita ce yana iya gwada ɓuya a ko'ina, ko da a tsakiyar fili ne da rana tsaka. In bai gwada ba, ko ya gwada bai dace ba, to ana ɗauka an san gidan da yake tsaye. Kuma da ma'ana: ƙato ne sanye da sulke, yana haki, takobi na bugun cinyarsa, ƙura na tashi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ko ɓoyayyen ma, da zarar ya kai hari ya tona wurinsa, ya samu ko ya kuskure.

Alƙali yana da damar sassauta wannan. Wanda ya ɓace a nesa mai yawa, ko cikin hayaniyar kasuwa, ko ana ruwa da tsawa, ba laifi a ce an rasa inda yake ba tare da ya yi jifar ɓuya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne alƙali ya ɗauke marfin kwalbar da ke wakiltar dodo daga kan kwali duk lokacin da dodonsa ya ɓace, ya kuma bar dodon ya ci gaba da dukan mutane kowane zagaye. Wannan ya ba dodo aiki biyu a kuɗin ɗaya.

To, an san inda yake ko ba a sani ba, sai a koma ga laƙanin da za a jefa. Masuntan Argungu sun san bambancin da ake nema a nan. A ruwan Matan Fada in ya gurɓace, mai mashi yana iya caka inda ya ga ruwa ya motsa, ya dace ko ya kuskure. Mai birgi ba ruwansa da ganin kifi, wuri yake rufewa, abin da ke ciki ya shiga. Wanda kuwa aka ce ya nuna kifi ɗaya da yatsa ya ce wancan nake so, ba abin da zai iya sai ruwa ya kwanta. Laƙanonin faɗa haka suka kasu, kuma jumla ɗaya ko biyu a bayanin kowanne ce ke nuna ajinsa.

Ajin mashi su ne waɗanda ake yi wa jifar hari. Tartsatsi, ƙaramin laƙanin wuta da ba ya cin gurbi, wato ba ya rage ƙididdigaggun damar jefa laƙani da masihirci ke da su, yana kai ƙafa 120, bayaninsa cewa ya yi a jefa wa halitta ko abu da ke cikin wannan tazarar, bai ambaci gani ba. Mashin haske na malaman ƙungiya ma haka, harsunan wuta uku na mataki na biyu ma haka. Waɗannan hukuncinsu ɗaya da kibiya da takobi: ana iya harba su ga wanda ba a gani, da tawaya.

Ita tawayar nan ana raina ta, alhali lissafinta ba wasa ba ne. Ma'anarta ka jefa dayis biyu ka ɗauki ƙaramin, gata kuma ka ɗauki babban. In 11 kake nema don ka sami abokin gaba, damarka 50 cikin 100 ce, da tawaya ta koma 25. In 6 kake nema, daga 75 za ta sauko kusan 56. In 16 kake nema, daga 25 za ta faɗo kusan 6. Wato ba kowa take cin wa daidai ba: gwani tana ɗan rage masa, mai rauni kuwa kusan kashe masa harin take yi gaba ɗaya. Mummunan saran da ake samu in dayis ya nuna 20, da kowa ke fata, wanda a da 1 cikin 20 ne, ya koma 1 cikin 400. Bugun 2003, wanda ake ce wa 3.5, wata hanya ya bi: ko harinka ya samu, sai an sake jifa, rabi da rabi, a ga ko iska ka sara. A can mai 75 ya koma 37 da rabi, mai 25 ya koma 12 da rabi. Bugu na huɗu na 2008 kuwa 5 kawai yake cirewa daga jifar. Duk wanda ya koyi wasan a tsohon bugu ya zo teburin sabo, da ragowar waɗannan a kansa yake zuwa, kuma sau da yawa gardamar da ake yi mutum biyu ne kowa na tuna littafi daban.

Duk wannan in an san gidan ne. In abokin gaba ya yi ɓuya ta gaske, sai ɗan wasa ya nuna gida ya ce nan zan harba. In ba kowa a gidan, harin ya tafi a banza ko nawa dayis ya nuna, kuma ƙa'ida ta ce alƙali ya ce an kuskure kawai, kada ya bayyana ko gidan ne ba daidai ba. Mutum na tafiyar ƙafa 30 a zagaye, gida 6 ke nan ta kowace fuska, don haka a fili marar shinge yana iya kasancewa a ɗaya daga cikin gida 169. Lalube cikin duhu ke nan na sosai, kuma ɓarnar gurbi ce a jefa laƙani mai tsada a haka. Harsunan wuta uku sun ɗan fi, tunda ana iya raba su gida uku. A nan akwai wata amana da littafin bai tilasta ba amma nake ganin wajibi ce: alƙali ya rubuta gidan da dodon yake a 'yar takarda ya kife ta kafin ɗan wasa ya zaɓa. In ba haka ba, ko shi kansa ba zai iya rantsuwa cewa bai matsar da dodon a zuciyarsa ba bayan ya ga inda aka nuna, kuma 'yan wasa suna jin ƙanshin irin wannan da wuri.

Ajin birgi ba shi da wahala. Ƙwallon wuta, wato fayabol, na mataki na uku, wuri ake zaɓa masa a cikin ƙafa 150, ya fashe ya cinye ƙafa 20 ta kowace fuska, kusan gida 50. Duk wanda ke ciki sai ya yi jifar tsira, wato ya jefa dayis don kauce wa laƙanin, ana ganinsa ko ba a gani, kuma baduhu ba ya ƙara masa komai a wannan jifar. Dayis 8 masu fuska 6 ake jefawa, matsakaicin rauni 28, wanda ya tsira ya sha rabi. Sharaɗi ɗaya ne: hanya ta kasance a buɗe tsakaninka da wurin. In bango ya gitta, wutar a gefenka na bangon za ta fashe, kuma an sha ƙone 'yan uwa a haka.

Akwai riba ta biyu da ake mantawa. Baduhun da aka yi da laƙani, ƙarami ko babba, yana bukatar wanda ya yi shi ya ci gaba da tattara hankali. Duk lokacin da rauni ya same shi sai ya yi jifa don kada hankalin ya watse, abin da zai nema kuwa 10 ne ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Rauni 28 ya sa shi neman 14. In ya faɗi, ya bayyana a gaban kowa. Saboda haka wuta ba ƙona shi kawai take yi ba, tana iya tsiraita shi. Sai dai a lura, akwai halittun da rashin ganuwa halittarsu ce, kamar dodon iskar nan da ake aikawa farautar mutum, waɗannan ba hankalin da za a watsa musu.

Aji na uku ne ke kawo ɓacin rai, domin a cikinsa akwai laƙanin da kowa ya sani da cewa ba ya kuskure. Kibau uku, na mataki na ɗaya, ba a yi masa jifar hari, wanda aka harba ma ba ya jifar tsira, kowace kibiya tana yin rauni 2 zuwa 5. Sai ɗan wasa ya ce, ai tunda ba ya kuskure, shi ne maganin mai baduhu. Na ji wannan a zaure a Badariya da murya sama: "Alƙali, ni hwa na ji motsinai, shina nan bakin ƙohwa!" Amsar da alƙalin ya ba shi ita ce daidai: "Malam, ji ka yi ko gani?" Bayanin laƙanin ya ce kowace kibiya tana samun halittar da ka zaɓa wadda kake iya gani. Rashin kuskurensa yana farawa ne bayan an cika wannan sharaɗin. Ko ka san gidan, ko kana jin numfashinsa a kunnenka, laƙanin ba shi da inda zai kama. Ba sabon abu ba ne kuma, bugun 2003 ma ya ce kibiyar tana samun kowa ban da wanda ya samu cikakkiyar kariya ko cikakkiyar ɓoyuwa.

Wannan sharaɗin na gani ya bazu a littafin fiye da yadda ake zato. Sagau, laƙanin da ke sandarar da mutum, yana da shi. Harshen wutar malamai da ke sauka daga sama yana da shi, duk da cewa ƙarami ne kamar tartsatsi. Katsewa, wanda ake tare laƙanin wani da shi tun yana baki, sai ka ga mutumin yana karantawa a cikin ƙafa 60, don haka masihirci mai babban baduhu yana jefa abin da ya ga dama ba mai katse shi. Har saran da ake kai wa wanda ya juya zai gudu daga gabanka, sai kana ganinsa. Makari kuwa, wanda ke warware sihirin da ya riga ya kama, bai ambaci gani ba: halitta ko abu ko aikin sihiri a cikin ƙafa 120. Ni in ina alƙalanci ina ba da shi ga wanda ya san gidan, kuma yana cikin mafi ingancin hanyoyi, tunda ƙaramin baduhu na mataki na biyu ne, makari na warware shi ba tare da jifa ba.

Kuma wuƙar tana yanka ta baya. In ɗan uwanka ne ya sha baduhu ya faɗi a sume, kalmar waraka da ake jefawa daga nesa ba za ta same shi ba, domin ita ma sai wanda ake gani. Sai ka laluba ka dafa shi da laƙanin da ake yi da taɓawa. Masihircin da ya ƙware wajen ware abokansa daga cikin wutarsa ma waɗanda yake gani kawai yake warewa. Ɓarawon ƙungiya da ya ɓace ya shige tsakiyar abokan gaba bai gaya wa kowa ba, in ƙwallon wuta ta tashi, da shi za ta haɗa.

Me zai faru da gurbin in ɗan wasa ya dage ya jefa kibau uku ga wanda ba ya gani? Littafin ƙarin ƙa'idoji na 2017 ya ce laƙanin da aka jefa wa abin da bai cancanta ba yana cin gurbinsa ba tare da ya yi komai ba. Wannan ya dace da inda ɗan wasa ya ruɗu, misali ya jefa sagau ga abin da ya zata mutum ne ashe ba mutum ba ne. Amma a batunmu ba ruɗu, masihircin ya san ba ya ganin kowa, kuma shi da ya yi shekaru yana nazarin laƙaninsa ya fi mai riƙe da takardar sanin sharaɗinsa. Don haka in gaya wa ɗan wasa tun kafin ya jefa, ya zaɓi wani abu. Cinye masa gurbi a nan mugunta ce kawai. Abin da zan nuna masa ma shi ne dabarar jira: ƙaramin baduhu yana karyewa da zarar mai shi ya kai hari ko ya yi sihiri, saboda haka ana iya karanta kibau uku a riƙe, a sake su lokacin da ya bayyana. Farashinsa shi ne gurbin ya tafi ko ya bayyana ko bai bayyana ba, riƙon kuma yana cin tattara hankali. A kan babban baduhu na mataki na huɗu, wanda hari ba ya karya shi har tsawon minti ɗaya, dabarar ba ta da amfani.

Sai laƙanonin tonawa, inda gardamar ta fi zurfi. Ƙyallin aljanu, na mataki na ɗaya, yana rufe gida 16 a cikin ƙafa 60. Wanda ya faɗi jifar tsira haske ya zagaye jikinsa, kuma bayanin ya faɗa ƙarara cewa ba zai ƙara amfana da rashin ganuwa ba, masu harinsa ma gata suke samu. Ba wanda ke musu a kan wannan. Kwallin gani ne matsalar, na mataki na biyu, wanda ke sa mai shi ya ga ɓatattu kamar ba su ɓace ba har tsawon awa ɗaya. Kowa zai ɗauka wanda ya sa kwallin ya rabu da tawaya. Amma masu bin zahirin lafazi suka lura cewa a ƙa'idar 2014 jumlar tawaya da gata tsaye take ita kaɗai, ba a ɗaure ta da gani ba, kwallin kuma bai ce yana cire amfanin baduhu ba yadda ƙyallin aljanu ya ce. Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara ƙa'idojin bugu na biyar, ya goyi bayan wannan karatun a bainar jama'a: kana ganin mutumin, kana iya harba masa kibau uku, amma takobinka yana nan da tawaya, nasa kuma da gata.

Ban taɓa bin wannan ba, kuma ba don raina mai maganar ba. Kamfanin da ke buga wasan da kansa ya saba bambanta abin da aka rubuta da abin da aka nufa, kuma a nan manufar a fili take: tawayar ta samo asali ne daga rashin gani, in gani ya dawo dalilinta ya faɗi. Laƙanin mataki na biyu da aka yi shi don abu ɗaya tak, a ce ya gaza na mataki na ɗaya a wannan abu ɗin, alamar kuskuren rubutu ce. Gyararren bugun 2024 ya rufe zancen: ya ce in wata halitta tana iya ganinka ta kowace hanya, ba ka da wannan amfanin a kanta. Ya kuma rubuta a fili cewa duk abin da ke bukatar a ga wanda za a yi wa, ba ya kama mai baduhu sai in mai yin yana ganinsa. Teburin da har yanzu ke kan littafin 2014, kamar yawancin namu, ba abin da zai hana shi aron waɗannan jumlolin biyu.

'Yan wasanmu ba sa rasa dabara, kuma a garin shinkafa dabarar farko ɓuntu ce, ko toka, ko gari: a watsa a ga inda ya maƙale. Bugun 2003 ya ambaci gari da kansa a matsayin hanyar bin sawun abin da ba a gani. Na biyar ya yi shiru, sai ma ya ce abin da mai baduhu ke sanye da shi ko yake ɗauke da shi yana ɓacewa tare da shi, abin da ya sa wasu alƙalai ke cewa garin ma ya ɓace. Wannan wayo ne marar daɗi. Hukuncin da na ga ya fi adalci shi ne ɓuntun ya tona gidan ya kuma hana shi ɓuya har sai ya kakkaɓe, amma tawaya tana nan, kibau uku ma ba su samu ba. In buhun ɓuntu zai yi duk aikin ƙyallin aljanu, ba dalilin da zai sa wani ya kashe gurbi. Mashin haske ma kusan haka nake yi masa: in ya samu, ƙyallin da ya bari yana ba mai hari na gaba gata, gatan ya cinye tawaya a koma jifa ɗaya, wurin kuma ya tonu na ɗan lokaci.

Wannan cinyewar tana haifar da wani abin dariya da ya kamata a sani. Gata da tawaya in suka haɗu suna kashe juna, komai yawan kowanne. To in aka jefa hazo ya rufe kowa, kai ba ka ganin mai baduhu, tawaya ke nan, shi ma ba ya ganinka, gata ke nan, sai ku koma jifa ɗaya-ɗaya kamar ba abin da ya faru. Wato hanya mafi arha ta kashe amfanin mai baduhu ita ce kowa ya makance. Hankali bai cika kwanciya da shi ba, amma haka lissafin yake, kuma ina barinsa, domin mai hazon ya biya: ya rufe wa kansa duk laƙanonin aji na uku.

Wasan Pathfinder, a bugunsa na biyu na 2019, ya kauce wa yawancin wannan ta hanyar ba kowane hali sunansa: wanda ake gani sarai, wanda aka san gidansa ba a ganinsa, wanda ba a san gidansa ba, da wanda ba a ma san yana wurin ba. Mai son taɓa na biyun, da takobi ko da sihiri, sai ya fara jefa dayis tsura ya sami 11. Ya fi tsabta, ya kuma fi nauyin riƙewa a ka.

Shi kuwa bugun 2024 da ya gyara batun kwalli, ya ɓallo wata sabuwa. Yanzu wanda ya laɓe a bayan kariya ya yi jifar ɓuya ya sami 15, matsayin da ake ba shi sunansa ɗaya da na mai baduhu. Nan take masu zahirin lafazi suka tambaya: ɓarawon da ya laɓe bayan buhunan shinkafa, in ya fito fili yana tafiya a hankali, ya zama mai layar zana ke nan? Kwallin gani kuma zai hango wanda ke bayan bango? Ƙa'idar ta ce matsayin yana ƙarewa in ya yi ƙarar da ta wuce raɗa, ko ya kai hari, ko ya karanta laƙani da murya, ko abokin gaba ya gano shi, kuma a kan wannan na ƙarshen nake tsayawa. Wanda ya fito fili a gaban mai gadin da idonsa biyu yana kallon wajen, an gano shi, ba sai an jefa komai ba, kuma kibau uku suna samunsa. In mai gadin hankalinsa na wani wuri, ko wurin da duhu-duhu, sai a gwada jifar ɓuyarsa da lurar mai gadin. Kwalli kuwa baduhu yake ratsawa, ba ya ratsa bango ko buhu.